Irin Tumatirin Gwaggo a Bayan Motar Baba

Motar Baba a-kori-kura ce mai shan gas. An ce da fara ce, amma ni tun tasowata launin kunun kanwa na san ta da shi. Ya saye ta a shekarun da ruwan kanal ya fara isowa gonakinmu na wajen Kura, yana ɗaukar wa mutane kwandunan tumatir zuwa bakin titi. A cikinta na koyi tuƙi bayan na gama firamare. A shekarar farin nan ta farkon tamanin, wata huɗu da rasuwar Baba, hatsi ya ƙare mana a rumbu, na sayar da ita.

Wanda ya saya ɗan gwaggona ne, ƙanwar Baba. Taubashina ne ke nan, tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Suna zaune shi da mahaifiyarsa a wani ƙauye bayan Bunkure. Ya ja motar rani ɗaya, ta fara yi masa gardama, ya tura ta bayan gida ya manta da ita. Ni ban manta ba. Shekara uku, duk sanda na ji ƙarar injin gas a hanya sai in tsaya da fartanya a hannu ina saurare. Ina ta tuhumar kaina, da na ƙara haƙuri na wata ɗaya, da akuyoyi na fara sayarwa, da na yi shawara da wani. Haka Allah ya yi ni. Ko ƙofa na kulle sai na dawo na taɓa kwaɗon sau biyu.

Da shinkafa ta yi mini kyau wata damina, ana gama yanka na hau keke na tafi. Muka zauna a zaurensu, maƙwabta biyu suka zama shaidu. Cinikin bai yi tsawo ba. Sau uku ina tambayarsa ko da yardar ransa ya sallama.

"Kai wai in za ka sha ruwa sai ka nemi izinin moɗa?" in ji shi. "Na sayar maka, ita da duk abin da ke cikinta. Ku shaida."

Suka ce sun shaida. Na lura su ukun duk suna danne dariya, amma farin ciki bai bar ni na tsaya tunani ba. Muka zagaya bayan gida.

Tana nan a gindin wata darbejiya, a kan duwatsu huɗu, tayoyin sun lotse sun tsattsage. Wata kaza ta leƙo ta tagar direba ta kalle ni. Na dafa goshin motar, ƙarfen da ɗumi, na ji kamar in gaishe ta. An kafa sanduna a bayanta an shimfiɗa zana, na ɗauka don rana aka yi, har na ji taubashina ya ƙara daraja a idona. Sai na ɗaga zanar.

Bayan motar cike yake da ƙasa da taki, baƙa wuluk, an daidaita ta kamar da faranti. A kai irin tumatir ne layi-layi, kore shar, kowanne bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Ban taɓa ganin iri mai kyan wannan ba, kuma ban taɓa jin gabana ya faɗi kamar lokacin ba.

"Sannu ɗan yayana," na ji an ce a bayana. "Ka zo ganin lambuna?"

Gwaggo ce, da gwangwanin ban ruwa a hannu. Na durƙusa na gaishe ta. Ta riga ta ji komai ta katanga. Ta ce shekara uku ke nan a nan take rainon irinta. Akuya ba ta iya hawa, gara ba ta kaiwa, ruwan ƙarshen damina ba ya kwanta masa. Har daga Kadawa mata suke zuwa sayen abin da ya rage mata bayan ta dasa nata.

"Shi wannan da ya sayar maka, ya taɓa zuba mata ko da moɗa ɗaya ta ruwa?"

Taubashina ya ce, "Inna, ai mota ba a ba ta ruwa ta baya."

"Rufe mini baki." Ta juyo kaina. "Saura kwana goma sha takwas iri ya isa dashe. Ranar Alhamis ce ake sako ruwa a kanal ɗinmu. In motar nan ta tashi da ƙafarta ta kai mini irina gona ranar, taka ce, ka tafi da abarka. In ba ta tashi ba, mu ɗauki iri a ka kamar kullum, ita kuma ta zauna inda take in zuba albasa. Ka yarda?"

Da wani ne zai ce ai na riga na biya, ga shaidu. Amma idanun Gwaggo irin na Baba ne sak, har yadda take karkata kai in tana jiran amsa. Na ji bakina ya ce, "Na yarda, Gwaggo." Shaidun nan biyu da suka biyo mu suka sake cewa sun shaida.

Ta kafa sharuɗɗa. Ba a ɗaga motar da jak, ba a tura ta, ba a jijjiga ta, don ƙasa za ta tsage saiwa ta tsinke. Kuma hayaƙi kada ya taɓa ganye.

A hanyar komawa gida ina tuƙa keke ina dariya ni kaɗai. Na dawo da motar Baba. Can kuma sai in tuna ban dawo da ita ba tukuna. Sai dariyar ta sake dawowa. Wani mai shanu da na wuce ya bi ni da kallo har na sha kwana.

Washegari na ɗauko wani bakanike daga Kura, dattijo mai gyaran injin niƙa da famfon ruwa da tarakta, kowa Injiniya yake ce masa. Ya zagaya motar sau biyu hannu a baya, ya ɗaga zana ya leƙa, ya sauke.

"Na gyara mota, na gyara tarakta," ya ce. "Ban taɓa gyara lambu ba."

Da ya ji sharuɗɗan Gwaggo sai da ya ɗauki jakar sifanunsa zai tafi. Na bi shi ina ba shi haƙuri har bakin hanya. Abin da ya dawo da shi, ina jin, son ya ga ƙarshen abin ne.

Tayoyi muka fara da su. Tunda ba jak, sai muka haƙa rami a ƙarƙashin kowace taya muka zare ta, motar na zaune a kan duwatsunta. Muka sa wasu na hannu masu sauran rai, muka cike ramukan muka daddaɓe, sannan muka riƙa ba su iska kaɗan-kaɗan, wannan kaɗan wancan kaɗan, har motar ta ɗaga kanta daga kan duwatsun ba tare da ko ganye ɗaya ya motsa ba. Gwaggo na zaune a kan turmi tana kallo. Da muka zare dutse na ƙarshe ta ce, "To." Wannan "to" ɗin kwana biyu ina jin daɗinsa.

Kazar nan ashe kwanci take yi a ƙarƙashin kujera. Na rasa na wa ne ƙwan, tunda an ce da duk abin da ke cikinta. Na kwashe su a hula na kai wa Gwaggo, kazar na bina tana masifa. Taubashina ya ce ai da na tambayi kazar ko da yardar ranta.

Muka wanke tanki, muka juye tsohon baƙin mai da ya yi kauri kamar kwalta, Injiniya ya kwance nozul mai fesa gas a cikin inji ya kai Kano aka wanke. Muka samo wani dogon bututu muka ɗaura a bakin salansa don hayaƙi ya fita can nesa da iri. Batir kuwa na wani mai injin niƙa muka aro. Kullum da safe in zo, kafin in taɓa sifana sai na ɗaga zana na duba irin. In na ga ganye ɗaya ya lanƙwashe, ranar ba na cin abincin rana da daɗi.

Rana ta goma sha biyu Injiniya ya goge hannu ya ce in shiga in murɗa makulli. Na yi bismillah. Ta yi tari, ta sake yi, sai ta kama. Ƙarar nan ce, ita ce dai, mai ɗan ƙwanƙwasa a ƙasa kamar ana daka a gidan maƙwabta. Na fito ban san na fito ba, na rungume Injiniya, na rungume taubashina, na kusa rungumar Gwaggo na tuna na durƙusa. Daidai lokacin Gwaggo ta zura guga a rijiyar da ke gefen darbejiyar. Kafin gugan ya iso baki, motar ta yi shiru.

Injiniya ya ce iska ce a bututun mai, ba wani abu ba. Ya sassauta wani ƙaramin noti, ya yi ta danna ɗan famfon mai da yatsa har kumfa ta daina fita, ya ɗaure. Ta tashi. Guga ɗaya, ta mutu. Ya sake cire iska. Guga ɗaya, ta mutu. Haka muka yi kwana biyar. Ya canza matatar mai, ya ɗaure duk wani noti da ke gaban injin, ya zagi motar, ya ba ta haƙuri. Taubashina ya fara zama kusa da mu yana tambayar mahaifiyarsa da ƙarfi wace irin albasa ta fi kyau, ja ko fara.

Ranar Laraba, saura kwana ɗaya, ruwa ya zo layin gonata, dole na je. Yadda muke ban ruwa, kanal ya fi gona tudu, sai ka tsoma tiyo a ruwa, ka toshe bakinsa da tafin hannu, ka ja, ka kwantar da shi a kan gaɓa, ruwa ya yi ta bi da kansa. Na jera guda shida. Biyar suna zuba, ɗaya sai ya yi ɗan gudu ya tsaya. Na sake ja, ya yi ɗan gudu ya tsaya. Kowane manomi a nan ya san ma'anar wannan. Ba baki ake dubawa ba, jikin tiyon ake bi da yatsa. Na bi, na sami huda kamar ta ƙaya. Ba ta zubar da ruwa, iska take sha.

Na tsaya da tiyon a hannu ruwa na bin ƙafata. Mu ma a wajen motar, kwana biyar baki muke dubawa.

Na roƙi maƙwabcin gonata ya ɗauke mini tiyo in gonar ta ƙoshi. Na hau keke, na dawo na sake roƙonsa don ban tabbata ya ji ba, sannan na tafi. Ina isa ko gaisuwa ban yi sosai ba na kwanta na shige ƙarƙashin motar ta baya, wurin da babu wanda ya leƙa tun da aka hana mu jak. Ruwa ya ɗigo mini a ido. Na duba, sai ga ƙasan bodin duk huda, layi-layi a tsare, kowace tana ɗiga. Bututun da ke kai mai daga tanki zuwa inji ya bi ta ƙarƙashinsu, a matse tsakanin bodi da ƙarfen gindi. Na zura yatsa da ƙyar na bi shi. Daidai ƙarƙashin wata huda na ji ɗan kaushi. Na sunsuna yatsana, warin gas.

Na daɗe a kwance a wurin. Na san wanda ya yi hudar, kuma ban san yadda mutum zai faɗa wa ƙanwar ubansa haka ba. Da na fito na kaɗe riga na ce, "Injiniya, ina jin kamar wani abu mai ɗan tsini ya taɓa bututun mai ta baya. Wataƙila. Allah ne masani."

"Ƙusa ce," in ji Gwaggo daga kan turminta. "Ni na buga, da taɓarya. So kake ruwa ya kwanta wa iri a gindi ya ruɓe?"

Taubashina ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Injiniya ya shiga ya gani da idonsa, ya fito yana girgiza kai. Ya ce wurin hannu ba ya shiga, ba a canza bututun sai an ɗaga bodi, ba a ɗaga bodi sai an kwashe lambu. Gwaggo ta ce a taɓa mata lambu a gani.

Na yi ta juya maganar a bakina kafin na iya fitar da ita, don ni ba bakanike ba ne. Na ce, "Injiniya, ka yi haƙuri, in da za a ɗora jarkar gas a sama, ta fi inji tudu, kamar yadda kanal ya fi gona, a zura tiyo mai lafiya, ba zai gangaro da kansa ba? Mu bar tankin da bututunsa gaba ɗaya."

Ya dube ni ya dubi rufin motar. "Ai abin da nake shirin faɗa ke nan," ya ce.

Muka cire siririn tiyon injin feshin taubashina, na wanke shi da toka da ruwan zafi sau uku. Matsalar da ta rage, rufin motar santsi gare shi, ba wurin ɗaure igiya, jarka sai zamewa take yi. Dole wani ya hau ya riƙe.

"Kai da ka sayar da lambuna," Gwaggo ta ce wa ɗanta, "kai za ka hau."

Ranar Alhamis rana na fitowa muna wurin. Taubashina ya hau rufi ya tanƙwashe ƙafa, jarka a cinya. Ni na tsotsi tiyon har gas ya cika mini baki, na toshe da babban yatsa na miƙa wa Injiniya ya haɗa. Ya cire iska karo na ƙarshe. Gwaggo ta yi wa irin ruwa, ta ɗaura sabon ɗankwali, amma ta ƙi shiga. Ta je bakin rijiya ta ɗauki guga.

Na murɗa. Ta kama. Gwaggo ta zura guga ta jawo, ta juye. Motar na yi. Ta sake zurawa, a hankali wannan karon, ina ganinta, ta jawo ta juye. Motar na yi. Na uku ma haka. Ta rataye gugan, ta goge hannu a zane, ta zo ta buɗe ƙofa ta zauna a inda Baba yake zaunar da ni.

"Mu je. Kuma in ka faɗa mini rami sai na faɗa wa yayana ranar da muka haɗu."

Daga gidan zuwa gonarta bai fi mil biyu ba, ta hanyar gefen kanal. A giya ta ɗaya na yi ta duka. Injiniya na tafe a ƙasa kusa da goshin motar, kunne a karkace. Wata mata da tulu a ka ta wuce mu. Wani jaki da kayan kara ya wuce mu, mai shi ya yi mana sannu da hanya. Mutane a gonaki suka miƙe daga duƙe suna kallon a-kori-kura da zana a baya, dogon bututu yana jan ƙasa yana hayaƙi, ga ƙato a kan rufi rungume da jarka. Taubashina ya samu abin yi, yana ɗaga musu hannu ɗaya kamar gwamna.

"Riƙe da hannu biyu," nake ce masa ta taga.

"Direba, ƙara wuta mana, kunkuru na neman hanya."

Wani daga cikin gona ya ce, "Ina za a kai amarya?" Gwaggo ta leƙa ta ce masa gidan ubansa. Dariya ta kama ni ta ƙi saki. Hawaye na zuba, bakina na ɗacin gas, hannuwana sun jiƙe a kan sitiyari, ga kanal cike da ruwa a dama ina tsoron ko kallonsa. Duk ramin da na hango sai na yi salati kafin mu kai. A wata ƙaramar gada da ba ta fi faɗin motar ba na daina numfashi har tayar baya ta haye. Gwaggo kuwa ba ta kalli gaba ba ko sau ɗaya. Ta juya tana kallon irinta ta gilashin baya, tana ce mini, "A hankali. Haka. A hankali."

Muna isa ruwa na shiga gonarta, matan da za su taya ta dashe suna zaune a gaɓa. Suka yi guɗa. Na tsaya, na ja birkin hannu, na sa dutse a taya, na ƙara wani. Amma ban kashe injin ba. Aka yaye zana aka fara cirar iri, ko tsaga ɗaya babu a ƙasar. Ni ina tsaye kusa da ƙofa ina saurare.

"Malam, in sauko?" in ji taubashina. "Rufin nan ya fara gasa ni."

"Ɗan ƙara haƙuri."

"Har yaushe?"

Ban san har yaushe ba. A raina na riga na yanke cewa haka za ta yi ta yi har a gama dashe, har in kai ta gida, wataƙila har gobe. Gwaggo ta taso daga cikin gona, taɓo har gwiwa, da damin iri a hannu.

"Kashe ta."

"Gwaggo, in na kashe ban sani ba ko za ta..."

"Ta kawo iri ko ba ta kawo ba?"

"Ta kawo."

"To magana ta ƙare. Taka ce, ko ta sake tashi ko kada ta tashi. Kashe ta ka zo ka kama mana aiki, ka tsaya kamar mai gadin banki."

Na zura hannu na ja maɓallin kashewa. Ta yi ɗan rawa ta yi shiru. Sai na ji ƙarar ruwa a cikin tiyo da hirar mata. Taubashina ya sauko yana tafiya a buɗe, yana cewa zai kai ni ƙara wurin mai gari. Na tuɓe takalmi na shiga gona. Har la'asar muna dashe, kuma zan faɗi gaskiya, duk layin da na kai ƙarshe sai na ɗaga kai na duba ko tana nan.

Da muka gama, taubashina ya sake hawa rufi da jarka, na murɗa, bugu ɗaya ta kama. Injiniya ya ce ai ya san za a yi haka.

Ƙasar da ta rage a baya ita ce ta dame ni a hanyar komawa. Na ce, "Gwaggo, ƙasarki fa?" Ta ce ai na saya da duk abin da ke cikinta. Na ce ba zan iya riƙe ta ba, takinta ne na shekara uku. Muka shiga gari. A ƙofar gida amalanken taubashina yana jingine. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce in matsa da motar kusa da shi, a kawo shebur.

Muka juye ƙasar a amalanken, a cikinsa ta zuba albasarta a satin. Har yau in mun haɗu taubashina yana cewa ni na ci masa amalanke. Bututun mai kuwa Injiniya ya canza shi bayan kwana biyu, amma hudojin ƙusar ban taɓa sa an toshe su ba. In zan ɗauki hatsi sai in shimfiɗa tabarma.